Jona wa firji ruwa daga famfon gida: wa ya taɓa yi da kansa?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Shekaranjiya aka kawo mana firji, irin mai ƙofa biyun nan da ake danna kofi a jikin ƙofa ruwa ya zubo, yana kuma yin ƙanƙara da kansa. Masu kawowa sun ajiye, sun jona wuta, suka ce maganar ruwa ba aikinsu ba ne. A cikin leda na tarar da siririn farin tiyo da notuna biyu, a bayan firjin kuma can ƙasa akwai wani ɗan baki. Famfo mafi kusa shi ne na wurin wanke-wanke, kamar mita uku tsakani. Zan iya da kaina ko sai na kira mai gyaran famfo? Yara sun hana ni sakat, tun jiya suke danna abin, sai ƙugi, babu ruwa.

Mai Gyaran Firji:
Wa alaikumus salam. Tun kafin a zo maganar tiyo, tashi yanzu ka kashe na'urar ƙanƙarar, ka kuma raba yaran nan da danne-danne. Ƙugin da kake ji na wani ɗan bawul ne mai aiki da lantarki a bayan firjin, shi ke buɗe wa ruwa hanya. Yana ta buɗewa a bushe yana ɗaukar zafi, in aka daɗe a haka sai ya ƙone tun bai ga ruwa ba. Wani firjin maɓalli ne a allon ƙofa, wani kuma ɗan hannun waya ne a gefen na'urar, sama za ka ɗaga shi.

Baban Yara:
Na kashe. Allah ya saka da alheri, ashe ɓarna ake yi ina zaune.

Ɗan Haya:
Oga ai abin ba wuya. Akwai wani bawul da ake ɗora wa fayif kamar sirdi. Ka ɗaure kusoshinsa biyu, ka murza hannunsa, allurar da ke ciki ta huda fayif ɗin, shi ke nan. Ba yanka, ba walda. Minti goma na gama nawa.

Tsohon Fulamba:
Ɗana, minti goman nan naku shi ya riƙe mu a sana'a shekara da shekaru. Ban san iyakar gidajen da aka kira ni saboda wannan bawul mai sirdi ba. Duba yadda yake: ramin da allurar ta huda, 'yar robar da aka matse a kai ce kaɗai ke tare shi. Roba kuwa tsufa take, ta bushe, ta tsage. Ramin ɗan mitsitsi ne, ƙwayar yashi ko ɓarɓashin tsatsa ya isa ya toshe shi. Abin haushin kuma, ranar da ruwa ya ɓalle kake son rufe shi da sauri, ranar zai ƙi rufuwa, don ya yi shekara uku ba wanda ya taɓa hannunsa. Ƙa'idar aikin famfo a wurare da dama ta hana shi, littattafan firji da yawa ma sun rubuta ƙarara kada a sa mai hudawa.

Baban Yara, leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanken. Za ka ga ƙaramin bawul da tiyon famfo ya fito daga jikinsa. In biyu ne, ɗaya na zafi ɗaya na sanyi, na sanyi kake nema. Bisa al'ada na sanyi ne a dama, amma kada ka yarda da wannan, buɗe ruwan zafi ka taɓa ka ji, don na sha ganin inda aka juya su. Rufe bawul ɗin, buɗe famfo ruwan ciki ya tsiyaye, ka tara roba a ƙasa, ka kwance tiyon. A nan za ka sa mahaɗi mai baki uku, wanda muke ce wa ti: baki ɗaya kan bawul, ɗaya ya koma wa famfo, na ukun ƙarami na firji. Ka nemi wanda ƙaramin bakin ke da nasa makulli, yadda za ka iya rufe wa firji ruwa ba tare da ka hana uwargida wanke-wanke ba.

Ɗan Haya:
Baba, da girmanka, amma nawa shekara biyu ke nan ko ɗigo.

Tsohon Fulamba:
Allah ya kai shi goma. In ka samu sarari dai ka zura hannu ka shafa ƙarƙashinsa. Ka ga kore-kore ko wani fari-fari kamar gishiri ya taru a jiki, to ya fara.

Maman Biyu:
Ni tawa gudunmawar a kan farin tiyon nan ce da ke zuwa a leda. Da shi aka jona mana. Muka yi tafiyar kwana huɗu, muka dawo muka tarar da ruwa ya fito daga kicin har falo, kabad ɗin ƙasa duk sun kumbura, har yau ƙofa ɗaya ba ta rufuwa. Ashe lokacin da aka tura firjin jikin bango tayarsa ta taka tiyon, ya lanƙwashe, sannu a hankali wurin ya tsage. Ƙarar ruwan ma ba a ji, ɗan tsirit yake fesowa. Ni kam na yi sallama da roba. Ka sayi mai saƙar ƙarfe a jiki ka huta.

Tsohon Fulamba:
Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ni a zamaninmu jan ƙarfe muka sani. Ɓera ba ya cin sa, zafi ba ya narka shi, ba ya sa wa ruwa ɗanɗanon roba, yana kai shekaru. Aibinsa ɗaya, in ka lanƙwasa shi da ƙarfi ya karye gwiwa, ba ya miƙuwa, sai dai ka yanke wurin. Shi ya sa ake naɗe ragowarsa a bayan firji, zagaye uku masu faɗi kamar tafin hannu biyu, ya zama kamar sifirin, in an jawo firji ya buɗe, in an tura ya koma.

Mai Gyaran Firji:
Baba, zan ɗan saɓa maka kaɗan. Ga wanda bai taɓa riƙe abin yanka fayif ba, jan ƙarfe wahala ne. Mai saƙar ƙarfen da Hajiya ta faɗa ya fi masa sauƙi: yana zuwa da notunansa a ɗaure kai biyu, da robar toshiya a ciki, murzawa kawai za ka yi. Sai dai a sani, cikinsa shi ma roba ce, saƙar riga ce kawai, don haka ba na har abada ba ne, a riƙa duba shi. Kuma ban yarda a ce duk tiyon roba banza ne ba. Shi kansa firjin, bututun da ke cikinsa daga bawul zuwa ƙofa roba ne. Abin da ke kashe na waje shi ne takawa, da gogar bakin kabad mai kaifi, da wucewa kusa da murhu ko jikin kwamfireso, injin sanyin firjin, mai zafi. In ya bi hanya mai kyau an maƙale shi a bango, yana yin aiki.

Ko wanne ka zaɓa, girman ɗaya ne: rubu'in inci a faɗin waje, wato milimita 6.35. Ka kula da wannan, akwai tiyo mai milimita 6 cif, a ido kamar ɗaya suke, amma in ka cusa shi a mahaɗin rubu'in inci zai yi ta ɗiga kana neman dalili. Sannan ka ƙara mita biyu zuwa biyu da rabi a kan tsawon da ka auna, don ranar shara ko gyara a iya jawo firji ba a tsinke komai ba.

Injiniya:
Ku gafarce ni, duk kun yi nisa a kan tiyo, ba wanda ya yi tambayar da ta fi komai. Baban Yara, ruwan gidanka daga ina yake shigowa famfo? Kai tsaye daga babban layi, ko daga tankin da ke sama? In tanki ne, mita nawa ne tsakanin ruwan tankin da bayan firjin? Sannan buɗe littafin firjin, shafin jona ruwa, ka karanto mana ƙarfin ruwan da suka ce yana buƙata.

Baban Yara:
Tanki ne a kan ƙarfe, Injiniya. Na ƙiyasta kamar mita shida ko bakwai. Littafin ya ce 30 zuwa 120 psi, wato ma'aunin ƙarfin ruwan ke nan. Amma ruwanmu na da ƙarfi fa, bokiti ba ya ɗaukar lokaci yake cika.

Injiniya:
To a nan gizo ke saƙar. Cikar bokiti da sauri yawan ruwa ne, don fayif ɗin famfo mai faɗi ne. Ƙarfin turawa daban. Ruwan da ke saukowa daga tanki, tsayi ne kaɗai ke ba shi ƙarfi, girman tankin ba ya ƙara komai. Tanki mai lita 500 da mai lita 5,000, in tsayinsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya. Lissafin: kowace mita ɗaya ta tsayi tana ba da kusan psi 1.4, mita goma psi 14 da ɗoriya ke nan. Mita bakwai ɗinka ba ta wuce psi 10 ba, shi ma in tankin a cike yake. Kafin ka samu 30 ɗin da littafin ya nema, sai tankin ya kai kusan mita 21, kamar saman bene mai hawa shida ko bakwai. Ko firjin da ke karɓar psi 20, mita 14 yake so.

Ka ga kuwa wannan ɗan ƙarfin ne zai bi siririn tiyo mita biyar, ya ratsa filta, ya ratsa bawul, ya zagaya ma'ajiyar sanyaya ruwa, sannan ya hau ƙofa.

Ɗan Haya:
Injiniya kun cika lissafi. Ni ma tanki ne, kuma muna shan ruwa lafiya lau.

Injiniya:
A wane hawa kake, tankin kuma yana ina?

Ɗan Haya:
Ƙasa nake, gidan hawa huɗu ne, tankin yana can kan rufi.

Injiniya:
Ka ga ka ba da amsa da kanka. Kana da mita goma sha uku ko fiye a kanka. Tambayi maƙwabcinka na hawan ƙarshe yadda shawarsa take zuba.

Mai Gyaran Firji:
Maganar Injiniya gaskiya ce, kuma illar ba ta tsaya a jinkirin cika kofi ba. Na'urar ƙanƙara ba ta auna ruwan da ya shiga, yawancinsu lokaci suke ƙirgawa. Bawul ya buɗe na 'yan daƙiƙoƙi, kamar bakwai a tsofaffin samfuri, ya rufe, ko tiren ya cika ko bai cika ba. In ƙarfi ya yi kaɗan sai ka ga ƙanƙara ƙanana, wasu da rami a ciki kamar ƙwanso, suna farfashewa suna maƙale na'urar. Na biyu, shi bawul ɗin da ƙarfin ruwa yake dogara wajen rufuwa gam. In babu, sai ya riƙa sakin ɗigo-ɗigo, ɗigon ya daskare a bututun da ke zuba wa tire ruwa, ya toshe shi. Sai a kira ni a ce sabon firji ya lalace. Na je na narke ƙanƙarar, bayan sati biyu a sake kira, a ce ban iya aiki ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da littattafan firjin kamfanin Whirlpool ke bayarwa: a cire filta, a tari kofi ɗaya, mililita 237. In ya cika cikin daƙiƙa 8 ko ƙasa da haka, ƙarfin ya isa.

Baban Yara:
Innalillahi. Wato na sayi doki ba ni da ciyawa. Mene ne mafita? Ɗaga tanki mita 21 dai ba zai yiwu ba.

Injiniya:
Ba a kai nan ba. Ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa za ka sa, irin mai tashi da kansa in an buɗe ruwa, ya tsaya in an rufe. Hanya biyu ce. Ko ka sa babba a bakin tanki ya tura wa gidan duka, ko ƙarami a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na firji kaɗai. Ni na biyun nake ba ka shawara. Gidan da ya saba da psi 10, ranar da ka ɗora masa 40, duk wani mahaɗin da aka yi wa aikin ganin ido a cikin bango zai tona kansa. Ka nemi wanda ke kashe kansa in tanki ya ƙare, don kada ya yi ta juyawa a bushe.

Masu ɗaukar ruwa kai tsaye daga babban layi kuma, tasu matsalar akasin wannan ce. In ƙarfi ya haura psi 80, ƙa'idoji da yawa sun ce a sa bawul mai rage shi. Alamarsa, duk lokacin da firji ya gama ɗibar ruwa ka ji fayif ya buga gam a cikin bango.

Malamar Asibiti:
Tun da an zo kan tanki, bari in sa baki. Mutane na ganin ruwa ya fito daga firji mai tsada, da sanyinsa, sai su ɗauka an tsarkake shi. Filtar firji gawayi ne da aka sarrafa. Aikinsa cire warin kulorin da gyara ɗanɗano, masu kyau su rage dalma da wasu abubuwan. Ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ku duba jikin kwalinsa, suna rubuta cewa kada a yi amfani da shi da ruwan da ba a tabbatar da lafiyarsa ba sai an kashe ƙwayoyin cutar tukuna. Daskarewa ma ba ta kashe su, ƙanƙara na ɗauke da abin da ruwan ya ɗauko. Don haka Baban Yara, tambayar ita ce: ruwan tankin nan, da ma shi kuke sha kai tsaye? Yaushe rabon a wanke shi? Murfinsa na rufuwa?

Maman Biyu:
Anti kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. To lambobin nan da ake rubutawa a jikin filta, 42 da 53, me suke nufi?

Malamar Asibiti:
Ma'aunin NSF ne, wata ƙungiyar Amurka mai gwada kayan tace ruwa. Mai 42 na ɗanɗano da wari ne, irin kulorin. Mai 53 na abubuwan da suka shafi lafiya ne, kamar dalma, amma shi ma sai kin karanta jerin abin da aka gwada shi a kai, ba komai da komai ba. Kuma a canja shi duk wata shida. Filtar da ta shekara biyu a ciki, gara babu ita.

Baban Yara:
Ruwan muna shan sa, an gwada shi bara, ana kuma wanke tankin. Sai dai yakan zo da ɗan yashi.

Tsohon Fulamba:
To sa matatar laka kafin injin, irin mai kofin gilas da kake ganin dattin da ido. In ba haka ba filtar firjin wata biyu ba za ta yi ba. Ga sauran aikin, ka riƙe da kyau. Cire filogin firji tukuna. Yanka tiyo a miƙe da wuƙa mai kaifi, ba a karkace ba, ba da almakashi mai matse baki ba. In mahaɗin na noti ne, noti ake fara zurawa, sai zobe. Tiyon roba zoben roba ake sa masa, da ɗan bututun da ake cusawa a bakinsa don kada ya lotse. Zoben ƙarfe na jan ƙarfe ne, a kan roba yanka ta yake yi a hankali. Ɗaure da hannu har ya tsaya, ka ƙara kamar rabin zagaye da sufana. In ya ɗiga ka ƙara kaɗan. Ƙari na da sauƙi, amma zoben da aka murƙushe sai sabo.

Kafin ka jona bayan firji, sa bakin tiyon a bokiti ka buɗe ruwa har ya fito garau. Duk dattin aikin gara ya ƙare a bokiti da ya shiga bawul.

Ɗan Haya:
Kar a manta da farin tef, Oga. Ka naɗa da yawa.

Tsohon Fulamba:
Kai yaron nan so kake ka kashe ni. Ba a sa tef a mahaɗi mai zobe, ba a sa shi a mai robar toshiya. Ba zaren notin ke tare ruwa ba, zoben ne. Tef hana noti zama yake yi, guntunsa kuma ya shige ya toshe ragar bawul.

Mai Kula da Zaure:
Baba a yi masa afuwa, koyo yake. Baban Yara muna jiran labari.

Baban Yara:
Salam. Ga rahoto bayan kwana tara. Na fara jonawa ba inji don in gani da idona. Injiniya, na sara maka: kofi ɗaya sai da ya kusa daƙiƙa arba'in, ƙanƙarar kuwa kamar ƙwan tsuntsu, ciki fayau. Na sa matatar laka da ƙaramin inji a layin firji kaɗai, yanzu daƙiƙa shida zuwa bakwai. Injin na kira mai gyaran famfo ya ɗaura, sauran ni na yi. Daga ti zuwa inji roba, daga inji zuwa firji mai saƙar ƙarfe, na bar masa sarari a baya.

Kuskure ɗaya na yi, na manta ɗan bututun nan na cikin bakin tiyo. A ido babu yoyo. Na shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowane mahaɗi na kwana, da safe na ga ɗaya ya jiƙe. Na yanke bakin na sake, ya tsaya. Abin da ya rage, ruwan farko ya fito baƙi-baƙi yana tofar da iska, har uwargida ta ce ba mai sha a gidanta.

Mai Gyaran Firji:
Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankali, ƙurar gawayin sabuwar filta ce da iskar da ke cikin bututu. Ka tari lita goma zuwa goma sha biyar ka zubar, ko abin da littafinka ya ce. Kana dannawa daƙiƙa biyar kana saki daƙiƙa biyar har tofar iskar ta daina. Ƙanƙara kuma zubin farko biyu ko uku a zubar. Kada ka damu in ba ta cika akwatin yau ba, takan ɗauki awa 24 kafin ta fara, kwana uku kafin ta kama sosai.

Maman Biyu:
Kuma in za ku yi tafiya, ko ta kwana biyu ce, a rufe makullin nan, a kashe na'urar ƙanƙara, a zare filogin injin. Ni yanzu a jikin ƙofar fita na manna takarda.

Ɗan Haya:
Baba Fulamba, don Allah kana kusa? Jiya na zura hannu kamar yadda ka ce. Akwai koren nan, kuma katakon ƙasan ya yi laushi. In na cire bawul ɗin, ramin da ke jikin fayif ɗin fa, da me ake toshe shi?

Tsohon Fulamba:
Ba a toshe shi. Rufe ruwan gidan daga babban bawul, a yanke guntun da ramin yake, a sa ti a gurbinsa da makulli. Tun da haya kake, fara sanar da mai gidan kafin a sa wa fayif ɗinsa zarto. Ɗauko hoton wurin ka turo in ga ko jan ƙarfe ne ko roba, in faɗa maka irin mahaɗin da za ka saya. Yau dai ka tara kwano a ƙasa, kuma kada ka ce za ka ƙara ɗaure kusoshin nan.